Frantz Fanon, likitan da ya auna littattafan Turai a asibitin mahaukata na Bilida

A Kwaya, ko Magarya, ko Dungas, idan saurayi ya dawo daga ci-rani a Aljeriya ko Libiya ya daina barci, yana firgita cikin dare, da rana kuma ya zauna bakin zaure ba ya ce wa kowa uffan, sai ka ga kan gidansu ya rabu. Kaka ta ce iska ce ta taɓa shi. Baffa ya ce a kai shi wurin malam a yi masa ruƙiyya da rubutun sha. Ƙanen da ya yi boko ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, a nufi asibitin Damagaram ko a tsallaka iyaka zuwa Dawanau a Kano. Abokansa su yi ta raɗa cewa tramol ne. Uwar kuwa, wadda ta fi kowa saninsa, tana ganin abin da ya gani a hamada ne ya ƙi sakinsa.

Masu digiri a ilimin halayyar ɗan Adam ma haka suke a rabe, sai dai su sun raɗa wa saɓaninsu sunaye sun zuba shi a littattafai. Akwai mazhabar da ke neman ciwon a cikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Akwai ta Sigmund Freud da ke tono shi a ƙuruciya da mafarki. Wasu na cewa hali sabo ne da horo, wasu kuma na ɗora alhakin a kan zaman jama'a. Frantz Fanon ya yi karo da waɗannan mazhabobi ɗaya bayan ɗaya a gaban majinyata ƴan Afirka, ya kuma rubuta inda kowace ta yi rana da inda ta gaza, har da wadda shi kansa ya riƙa. Ƴan boko a Nijar sun san shi da littattafan yaƙi da mulkin mallaka. Abin da aka fi mantawa shi ne sana'arsa likitancin masu taɓin hankali ce, kuma a bakin gadon majinyata ya samo yawancin abin da ya rubuta.

Daga Martinik zuwa Liyon

An haife shi ranar 20 ga Yuli 1925 a Fort-de-France, babban birnin tsibirin Martinik da ke tekun Karibiyan, inda akasarin jama'a jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ne. Mahaifinsa ma'aikacin duwan ne, mahaifiyarsa tana da kanti, su takwas ne a gidan. Gida ne na masu rufin asiri da ke renon ƴaƴansu da Faransanci, suna koya musu cewa su Faransawa ne. A makarantar sakandare ta Schoelcher ya yi karatu a hannun marubuci Aimé Césaire.

Yana da shekara 18 ya shiga rundunar Janar de Gaulle. A 1944 jirgin ruwa ya kai su Maroko, daga nan Aljeriya, sannan Faransa, inda aka raunata shi a gabashin ƙasar aka kuma ba shi lambar yabo ta yaƙi. A bariki ne ya fara ganin yadda aka jera mutane hawa-hawa: Bature a sama, ƴan tsibirai irinsa a ƙarƙashinsa sanye da hula irin ta Turawa, sojojin Afirka kuma, waɗanda ake kira ƴan Senegal ko da daga Nijar ko Mali aka ɗebo su, suna can ƙasa da jar dara a ka.

Bayan yaƙi ya tafi birnin Liyon karatun likita, yana kuma leƙawa darussan falsafa na Maurice Merleau-Ponty. A asibitocin birnin ya riƙa ganin leburori ƴan Arewacin Afirka suna zuwa da kukan ciwo. A tambayi mutum ina ke masa ciwo, ya nuna ciki, ya nuna kai, ya ce ko'ina. Likita ya duba, ya ɗauki hoto, bai ga komai ba, sai ya yanke cewa ƙarya ce ko lalaci. Duk ma'aikacin jinyar da ya taɓa zama a asibitin karkara ya san irin wannan majinyacin, mai cewa zafi na yawo a jikinsa. A maƙalar da ya buga a mujallar Esprit a watan Fabrairun 1952, Fanon ya nuna cewa ciwon na gaske ne, makarantar da ta horar da likitan ce ta koya masa cewa duk ciwon da ba shi da gurbi a wata gaɓa babu shi. Mutumin da ke kwana su goma a ɗaki, ba iyali, ba tabbacin aiki, ana kiransa da sunan da ba nasa ba, jikinsa ne ke faɗin abin da bakinsa ya kasa faɗa da Faransanci.

Wannan bai sa ya yi watsi da ilimin ƙwaƙwalwa ba. Kundin digirinsa na 1951 a kan wani ciwon gado ne mai suna Friedreich, wanda ke cin laka ya hana mutum daidaita tafiyarsa. Tambayar da ya bi ita ce ko lalacewar jijiya kaɗai ta isa ta bayyana ruɗewar hankalin da ake gani a wasu masu ciwon. Amsarsa: lalacewar tana nan, ana iya nuna ta, amma siffar da ruɗewar ke ɗauka tana bin rayuwar mutumin da hulɗarsa da jama'a. Ba wannan kundin ya so ya gabatar ba tun farko. Malaminsa ya ƙi karɓar rubutun farko, wanda ya fito a 1952 da sunan Peau noire, masques blancs, wato baƙar fata da farar fuskar aro.

A wannan littafin ne ya yi kokawa da Freud da almajiransa. Ya karɓi babban abin da likitan na birnin Biyana ya kawo: cewa akwai wani sashe na zuciya da mai ita bai san abin da ke ciki ba, cewa abin da aka danne yana dawowa ta mafarki ko ta ciwo, kuma sauraron majinyaci magani ne. Inda ya ja daga shi ne da'awar cewa tushen kowace damuwa yana cikin ɗaki guda mai mutum uku, uba da uwa da ɗa, inda yaro ke kishin ubansa. Fanon ya ce wannan ƙulli, da Freud ya raɗa wa sunan Oedipe, ba kasafai ake samunsa a tsibiransu ba. Yaron Martinik kan tashi lafiya a gidansu, sai ranar da ya shiga duniyar Turawa, ya ga yadda ake kallonsa, sannan ciwon ya fara. Mai karatu a ƙasar Hausa zai iya auna maganar da gidansu: inda uwa ke kunyar ɗan fari ba ta ko kama sunansa, inda ake kai yaro yaye wurin kaka, inda goggo ko kawu ke ɗaukar riƙo, ga kishiyoyi ga ƴan uba. Zanen Biyana ba zai hau wannan gida ba sai an yi masa gyara. Sai dai a nan Fanon ya yi saurin yanke hukunci, don bai yi wani binciken da zai tabbatar da da'awarsa ba, kuma shi kansa bai taɓa zama a gaban wani masanin hanyar Freud an tone shi ba. Shekaru bayan rasuwarsa, a 1966, Marie-Cécile da Edmond Ortigues, waɗanda suka yi aiki a asibitin Fann na Dakar, suka buga abin da suka gani a majinyatan Senegal: ƙullin yana nan, amma gasar ta fi karkata ga ƴan uwa da sa'o'i, uba kuma ya haɗe da martabar kakanni ta yadda ba a ja da shi.

Wanda ya fi shan suka a hannunsa shi ne Octave Mannoni, Bafaranshen da ya daɗe yana koyarwa a Madagaska, ya kuma buga littafi a 1950 yana cewa mutanen tsibirin suna da ɗabi'ar dogaro da wani babba tun kafin Turawa su zo, don haka zukatansu a shirye suke da a mallake su. Mannoni ya tattara mafarkan yara da aka yi a zamanin tawayen 1947, wanda Faransa ta murƙushe da kisan dubun dubatar mutane, akwai baƙin bijimi mai bin yaro, akwai sojoji baƙaƙe da bindigogi, ya fassara su da alamomin uba da sha'awa. Fanon ya tunatar da shi cewa sojojin Afirka da Faransa ta kai tsibirin suna nan da ransu, suna azabtar da mutane a ofishin ƴan sanda, kuma bindigar da yaron ya gani a mafarki bindiga ce ta gaske. Wannan ita ce babbar kasawar hanyar tonon zuciya idan ta faɗa hannun wanda ba ya duba waje: tana iya mai da zaluncin da ke faruwa a titi ya koma wata matsala ta cikin kan wanda aka zalunta.

Daga nan ya yi sama da shekara guda a asibitin Saint-Alban, cikin duwatsun kudancin Faransa, a ƙarƙashin François Tosquelles, likita ɗan Kataloniya da ya tsere bayan yaƙin basasar Sifen. A zamanin mamayar Jamus, majinyata fiye da 40,000 yunwa ta kashe a gidajen mahaukata na Faransa. Saint-Alban na cikin inda abin ya zo da sauƙi, saboda an buɗe ƙofofi majinyata suna aiki da manoman yankin suna samun abinci. Ra'ayin Tosquelles shi ne asibitin kansa mara lafiya ne, sai an yi masa magani kafin ya warkar da wani. Kulle mutum, da raba shi da tufafinsa da aikinsa da sunansa, yana haifar da rabin haukan da ake gani a irin waɗannan gidaje. Maganin shi ne a gina ƙaramar al'umma a ciki: ƙungiyar majinyata, taro, jarida, sana'a, biki. Fanon ya rungumi wannan hanya hannu bibbiyu, tare da jona lantarki a kai da allurar insulin, waɗanda su ne magungunan zamanin.

Ɗakin maza 220

A watan Nuwamban 1953 ya kama aiki a asibitin Bilida-Joinville, kimanin kilomita 50 daga birnin Alje, mai majinyata wajen 2000, fiye da abin da aka gina shi ya ɗauka. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa ranar farko ya bi gado-gado yana kwance wa mutane sarƙa. Masu binciken tarihinsa sun nuna akwai ƙarin gishiri a ciki. Abin da ya faru a zahiri ya fi wannan amfani.

Asibitin yana ƙarƙashin inuwar Farfesa Antoine Porot, wanda tun 1918 yake koyar da cewa Musulmin Arewacin Afirka mutum ne mai saurin fushi, mai ƙarya, mara zurfin tunani, daga baya ma shi da almajiransa suka ce sashen sama na ƙwaƙwalwarsa ba ya aiki sosai kamar na Bature. A Kenya, likitan Ingila J. C. Carothers ya rubuta makamancin haka game da baƙar fata, Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga masa a 1953. Babu ɗayansu da ya nuna wannan bambanci a ƙwaƙwalwar kowa. Sun ari kalmomin kimiyya ne suka lulluɓe raini. Wannan haɗari ne da ke bin mazhabar ƙwaƙwalwa har yau: da zarar an ce matsalar a halitta take, an wanke mai mulki, an wanke talauci, ba sauran wanda za a tuhuma.

An damƙa wa Fanon mata Turawa 165 da maza Musulmi 220. Shi da mataimakinsa Jacques Azoulay suka shimfiɗa tsarin Saint-Alban a ɓangarorin biyu. A wurin matan abin ya yi kyau cikin ƴan watanni: taro ya kankama, aka yi bikin Kirsimeti, aka kafa jaridar asibiti, aka buɗe ɗinki da saƙa, ɗaure majinyata ya ragu ƙwarai. A wurin mazan komai ya rushe. A kira taro su zauna shiru, wasu su tashi su fita. A kawo wasa su ƙi. Aka koya musu saƙar kwando suka watsar. Bayan wata uku ma'aikatan jinya sun gaji, suna neman a bar su su koma ɗaure masu tayar da hankali kamar da.

Almajirin Porot da ya ga haka zai ce ga hujja ta fito. Fanon da Azoulay suka juya tambayar kansu, suka buga sakamakon a mujallar L'Information psychiatrique a 1954, kuma kaɗan ne cikin likitocin zamanin suka taɓa rubuta kuskurensu dalla-dalla haka. Sun ce sun ɗauko tsarin da aka ɗinka wa Faransawa sun yafa wa wasu mutane ba tare da sun tambayi yadda suke zaune ba. Fanon ba ya jin Larabci ko Kabilanci, da tafinta yake magana, alhali a idon Ba'aljere tafinta mutumin kotu ne da ofishin mai mulki. Dattawan ƙasar nan da suka ga zamanin kwamanda ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan. Jarida ba ta da amfani ga wanda bai yi boko ba. Saƙar kwando a wurinsu aikin mata ne. Rera waƙa a gaban taro aikin masu sana'ar ne, magidanci ba ya yi. Bukukuwan da aka shirya ba nasu ba ne. Yawancinsu manoma ne da aka raba da gonakinsu.

Sai aka sake lale. Aka buɗe gidan shayi da gahawa irin wanda mazan Aljeriya ke zama a cikinsa da yamma, aka riƙa yin bukukuwan Sallah, aka gayyato mufti, aka kawo mai ba da labari irin na kasuwa, daga baya mawaƙi Abderrahmane Aziz ya shigo da kiɗa. Aka miƙa wa majinyata fatanya da diga suka yi lambu, aka share filin ƙwallo. Mutanen da aka ce ba su iya zaman jama'a ba suka fara hira. Tushen ra'ayin Tosquelles ya tsaya da ƙafarsa, wato mutum yana warkewa ne a cikin mutane. Kayan da aka zuba a ciki ne na aro.

Irin wannan ya sake faruwa da gwajin hotuna da ake kira TAT, wanda Henry Murray da Christiana Morgan suka ƙirƙiro a jami'ar Harvard ta Amurka a 1935. Ana nuna wa mutum hoto a ce ya ƙaga labari, daga labarin a karanto abin da ke zuciyarsa. Da Fanon da Charles Geronimi suka gwada shi a kan mata Musulmi a 1956, matan suka riƙa lissafa abin da ke cikin hoton ɗaya-ɗaya, ba labari. Mai gaggawa zai rubuta cewa ba su da basirar ƙirƙira. Amma a cikin katunan akwai guda fari fat da ba a zana komai a kai ba, kuma da aka miƙa musu shi sai labari ya ɓalle. Hotunan ɗakunan Turawa da kayan kiɗansu ne suka ɗaure musu harshe. Duk wanda ke shirin auna basirar yaran Dungas da gwajin da aka tsara a Paris ya kamata a ba shi labarin wannan farin kati.

A shekarar dai, shi da François Sanchez suka rubuta yadda Musulmin Magrib ke kallon hauka. Sun lura cewa tun da an yarda aljani ne ya shiga mutum, ba a ɗora masa laifin abin da ya faɗa ko ya aikata, ba a fitar da shi daga dangi, idan ya warke kuma ya koma matsayinsa ba tabo. Suka kwatanta da asibitin Turai, inda ma'aikaci kan hukunta majinyaci kamar da gangan yake yi. Fanon bai yarda da aljanu ba, amma ya ga abin da wannan fahimta ke tsare wa mara lafiya na mutunci. Duk da haka bai tsaya a ra'ayi guda ba. A littafinsa na ƙarshe ya kalli rawar hawan iska a matsayin hanyar da wanda aka danne ke sauke fushinsa cikin dare ya wayi gari ya koma bauta, abin da ke yi wa mai mulki daɗi. Nijar na da misalin da ya fi ƙarfin wannan fassara. A wajen 1925, shekarar da aka haifi Fanon, iskokin da ake kira Hauka ko Babule suka ɓulla a yankin Filinge, masu hawansu suna kwaikwayon sojoji da kwamandojin Faransa, hukumar mulkin mallaka kuwa ba ta ga abin daɗi a ciki ba, kamawa ta yi ta ɗaure. Su ne Jean Rouch ya ɗauka a fim a tsakanin ƴan ci-ranin Nijar a Akra. A wani gefen kuma, wanda ya taɓa ganin mara lafiya a mari a gidan mai magani ya san cewa mutuncin da Fanon ya yaba ba kullum yake samuwa ba.

Yaƙi ya shigo asibiti

Ranar 1 ga Nuwamba 1954 yaƙin ƴancin Aljeriya ya ɓarke. Fanon ya shiga taimakon ƙungiyar FLN a ɓoye, yana ɓoye mayaƙa yana ba da magani, da rana kuma yana karɓar majinyata daga ɓangarorin biyu. Bayanan da ya ajiye suna da nauyin karantawa. Akwai sufeton ƴan sanda Bafaranshe da ke wuni yana azabtar da fursunoni, ya koma gida ya doki ƴaƴansa har da jariri, ya ɗaure matarsa. Abin da ya nema wurin likita shi ne a taimaka masa ya ci gaba da aikinsa ba tare da damuwa ba. Akwai wani ɗan sandan da ihun mutane ke hana shi barci, wanda wata rana ya yi kiciɓis da ɗaya daga cikin waɗanda ya azabtar a harabar asibitin. Shi ya ruɗe yana gumi, shi kuma Ba'aljeren aka same shi a makewayi yana ƙoƙarin kashe kansa. Akwai yara biyu, mai shekara 13 da mai 14, da suka kashe abokin wasansu Bature.

Bukatar sufeton nan ta tona asirin duk wata hanyar magani da ke auna nasara da cewa mutum ya koma bakin aikinsa lafiya. Wane aiki? Fanon ya kuma bayyana yadda ake amfani da ilimin kansa a matsayin makami: likitocin da ke yi wa fursuna allurar sa magana, da sansanoni irin na Berrouaghia inda ake tilasta wa mutane maimaita kalaman yabon Faransa na sa'o'i, wanda ya yi a ba shi abinci ko a ɗaga masa duka. Wannan shi ne tsarin lada da horo, wanda masana irin su Pavlov da Skinner suka nazarta a kan dabbobi. Yana aiki, shi ya sa ake amfani da shi a yau wajen raba mutane da tsoro ko shaye-shaye, amma ba ya tambayar wa ke riƙe da ladan. Abin da Fanon ya gani a waɗanda suka fito shi ne baki ya koyi faɗin abin da ake so, mutumin kuma ya farfashe.

A ƙarshen 1956 ya rubuta wa Robert Lacoste, wakilin gwamnatin Faransa a Aljeriya, takardar ajiye aiki. Hujjarsa ta likita ce: aikin mai maganin taɓin hankali shi ne ya mai da mutum cikin al'ummarsa, to ina amfanin mai da shi cikin tsarin da ya mai da shi baƙo a ƙasar haihuwarsa? A watan Janairun 1957 aka kore shi.

A Tunis ya shiga rubutu a jaridar El Moudjahid ta FLN, bai kuma ajiye aikin likita ba. A asibitin Charles-Nicolle ya buɗe sashen da majinyaci ke zuwa da safe ya koma gida da yamma. A nan ya yi wa malaminsa Tosquelles gyara: komai kyan al'ummar da aka gina a bayan katanga, ta roba ce, wurin warkewa na gaske shi ne gida da kasuwa da unguwa. Tsarin yana da iyakarsa, don sai wanda ke kusa da birni zai iya zuwa kullum. Mutumin Kwaya ba zai yi sammakon zuwa Damagaram ya dawo kowace rana ba. Wani likita ɗan Nijeriya, Thomas Adeoye Lambo, ya riga ya samo wata mafita tun 1954 a Aro kusa da Abekuta, inda ake saukar da majinyaci da ɗan uwansa a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, ana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya.

Inda aka fi jayayya da Fanon shi ne littafinsa na ƙarshe, Les Damnés de la terre, na 1961. A babin farko ya ce ɗaukar makami yana wanke wanda aka mallaka daga jin ƙasƙanci. Babin da ya tattara majinyatansa kuwa yana nuna wani abu daban. A ciki har da ɗan gwagwarmayar da ya dasa bam a gidan shaƙatawa mutum goma suka mutu, wanda duk shekara idan ranar ta zagayo barci ke ƙaurace masa, tunanin kashe kansa ya taso. Ɗan siyasar da ke cikin Fanon ya yi alkawarin da likitan da ke cikinsa bai iya tabbatarwa ba, kuma abin yabo ne cewa bai cire babin da ke ƙaryata shi ba. Mazhabar da ke ɗora komai a kan zaman jama'a tana da wannan rauni: takan sa ran cewa idan an sauya mulki zukata za su warke, alhali farfaɗiya da ciwon ruɗewar hankali mai tsanani suna nan a kowace ƙasa, mai ƴanci da mara ƴanci, kuma suna bukatar magani. Mata ma sun yi ƙorafi, da hujja, kan yadda ya yi wa marubuciya Mayotte Capécia hukunci mai tsauri a littafinsa na farko.

Sauran rayuwarsa gajeruwa ce. A watan Disamban 1958 ya halarci taron al'ummomin Afirka a Akra, a 1960 gwamnatin wucin gadi ta Aljeriya ta naɗa shi jakadanta a Gana. A shekarar ya bi hanyar mota daga Bamako zuwa Gawo har Tesalit a arewacin Mali, yana neman hanyar shigar da makamai ta hamada. Da ya dawo aka gano yana da sankarar jini. Ya je jinya Mosko, ya dawo Tunis ya yi shiftar littafinsa na ƙarshe cikin ƴan watanni, ya gana da Jean-Paul Sartre a birnin Rum, wanda ya rubuta masa gabatarwa. A watan Oktoban 1961 aka kai shi Amurka, ƙasar da bai so zuwa ba. Ya rasu ranar 6 ga Disamba 1961 a asibitin Bethesda kusa da Washington, yana da shekara 36, wata bakwai kafin Aljeriya ta samu ƴanci.

An mai da gawarsa Tunis, mayaƙa suka tsallaka iyaka da ita suka binne shi a ƙasar Aljeriya kamar yadda ya nema. Kabarinsa yana maƙabartar shahidai ta Ain Kerma a gabashin ƙasar. Asibitin Bilida, inda maza 220 suka ƙi saƙar kwando, yanzu sunansa yake ɗauke da shi.